Kukan Uba a Ƙofar Alƙali

Bugaje gari ne a ƙasar Jibiya, cikin Jihar Katsina, kusa da iyakar Nijar. Mutanen wannan yanki da na Ɗan Isa da Maraɗi dangin juna ne, suna auratayya tun kafin Ingilishi da Faransi su tsai da iyaka da yarjejeniyar 1906. Muddin aure yana zaune, ba mai tunawa da iyakar nan. Ran da ya mutu kuwa, sai ta zama katanga tsakanin uba da ɗansa.

Ga misalin abin da yakan faru. Bafatake mai safarar hatsi ya saki matarsa, ta gama idda, ta koma gidan iyayenta a Maraɗi da yaro ɗan shekara huɗu. Uban ya kai ƙara gaban alƙali yana neman ɗansa. Aka rubuta sammaci, amma sammacin Nijeriya ba shi da ƙarfi a ƙetaren iyaka, sai dai a roƙi dangi su kai. Aka yi ta ɗage zama, shi kuwa kullum ya rufe rumfa, ya biya kuɗin mota, ya yini a gindin bishiya. Ran da waliyyin matar ya zo, alƙali ya ce reno na uwa ne, aka kuma yanka wa uban abin ciyarwa na wata-wata. Ya fito yana cewa ya je neman ƙiba ya samo rama.

To, a cikin kukan nan akwai wanda yake da hujja, akwai wanda ba shi da ita. Al'adar Hausa ita ce uba ya karɓi ɗansa bayan yaye. Amma littattafan Malikiyya da alƙalai ke hukunci da su, wato Risala da Muhtasar da Tuhufa, sun bar wa uwa reno har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri bare, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Saboda haka alƙalin da ya faɗi haka bai zalunci kowa ba. Al'ada ce ta yi karo da littafi.

Zancen ƙetare iyaka ma, malaman fiƙihu tazara suke aunawa. A mashahurin zance, reno yana faɗuwa in mai reno ta yi ƙaura ta zama mai nisan baridi 6, baridi ɗaya kuwa mil 12 ne, jimla mil 72. Daga Bugaje zuwa Maraɗi bai kai haka ba.

Amma fa uba yana da haƙƙinsa, kuma nan ne kukansa yake da ƙarfi. Shi ne waliyyi. Shari'a ta ba shi ya duba lafiyar yaron, ya yi masa tarbiyya, ya sa shi makaranta, ko da yake wurin uwa zai kwana. Wanda aka ɗora wa ciyarwa aka hana shi gani, lalle an tauye shi. In hukunci bai gamshe shi ba, yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, gama sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon duba irin wannan magana. Sai dai ko ya yi nasara, ma'aikacin kotu ba ya iya zartar da hukuncin a Maraɗi, sai uban ya bi ta hannun hukumomin can. Ga shi kuma an rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa 2024, sai mai ɗa a ƙetare ya rasa hanyar ziyara ta halal.

Don haka dabarar da ta fi ita ce sulhu tun kafin idda ta ƙare. A tara waliyyai na ɓangare biyu gaban liman ko mai gari, a rubuta abin ciyarwa, da lokacin ziyara, da inda yaro zai yi karatu, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe takardarsa. Uba kuma kada ya yanke ciyarwa don fushi, gama yaron ne zai ji yunwa, kuma ran da aka koma gaban alƙali, abin da za a fara tambayarsa ke nan. Dangin uwa su ma su ji tsoron Allah, kada su mai da yaro sandar ramuwa.

Allah Ya shirya zuriya, Ya ba alƙalai ikon yin adalci, amin.