Awara da Cuku: Inda Waken Suya Ya Kai da Inda Ya Tsaya

Cuku daɗaɗɗen abinci ne na makiyaya. Buzaye da Fulanin Nijar, musamman na yankin Tawa da Agadas, sukan daskarar da madara, su shimfiɗa ta fale-fale a kan tabarma, ta bushe har ta yi watanni ba ta lalace ba. Sai dai madara takan yi ƙaranci da rani, ga kuma tsada. Shi ya sa a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri da unguwannin da ke kewaye da ita, abin da mai ƙaramin ƙarfi ya fi samu shi ne awara, wato cukun waken suya.

Wannan wake ba baƙo ba ne a Jihar Borno. Tsakanin 2004 da 2009, shirin PROSAB na cibiyar IITA ta Ibadan ya yaɗa nomansa a Biu da Hawul da Kwaya Kusar da Damboa. Ƙwayarsa tana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin kashi 40 cikin 100, da mai kimanin kashi 20. Ta wannan fuska awara ba ta da abin jin kunya a gaban cuku.

Matsalarta ita ce ajiya. Cuku busasshe ne, awara kuwa mafi yawanta ruwa ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri kan wuce digiri 40, awarar da aka yi da asuba tana iya yin yauƙi da tsami kafin magariba. Mai sana'a ta yi asarar jarinta, idan kuma ta sake soyawa ta sayar, masu ci na iya kamuwa da gudawa.

Malaman gona su jaddada wa mata cewa ajiya tana farawa tun daga tukunya. A tsince wake, a jiƙa shi, amma da bazara kada a bari ya kwana a ruwa har ya yi kumfa. Bayan niƙa da tacewa, a bar madarar ta tafasa sosai na kimanin minti 15, domin ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, kuma wuta ce ke kashe shi. Sannan a zuba ruwan tsami na kamu, ko na tsamiya, ko lemun tsami, kaɗan-kaɗan. A ganina tsamiya ta fi tsabta, don ruwan kamun da ya daɗe a buɗe yakan zo da nasa ƙwayoyin cutar. A matse a tsabtataccen ƙyalle, a danne da dutse har ruwan ya tsane. Wadda za a ajiye a yanka ta siri-siri, a sa gishiri, a shanya a kan raga a rufe saboda ƙuda.

Duk da haka busasshiyar awara ba za ta yi ɗanɗanon cuku ba. A ƙasar Sin akan bar awara ta yi wata irin fumfuna ta musamman, a tsuma ta a ruwan gishiri na watanni har ta yi ƙarfin ɗanɗano. Kada a kwaikwayi wannan a gida, domin fumfunar da ke fitowa da kanta tana iya zama mai guba. Mai son wannan ɗanɗano ya dafa awararsa da daddawa, wadda ita ma ana yin ta da waken suya.