Kafin Ku Yanke Jingar Fasa Dutse

Ya ku dillalan fili da masu tifa, muna jan kunnenku: kada ku yanke jinga da mai fasa dutse sai an tone gindinsa. Sau da yawa mun ga na binne ya fi na sama. In marmara ce, diga ta isa. Baƙin dutse kuwa sai wuta: a jibga masa itace, bayansa ya yi zafi cikinsa da sanyi, sai ya tsage. Wasu kan kwara ruwa. A nan a ja baya, tsinin dutse na tashi. Sannan a bi tsagar da guduma. To, itacen wa zai saya? Ku faɗa tun farko. Ɓawon da ya ƙone kuwa rugurgujewa yake, kada a auna muku shi a kuɗin tsakuwar kankare.