Ruwan Lagireto Ba Ruwan Rijiya Ba Ne

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Katsina, daidai kasuwar hatsi ta Dawanau, a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40, ba zai rasa ganin mota ta sha buhunan masara ko riɗi, an ɗage mata bonet, yaron mota na fasa ledar fiya wata da haƙori yana ɗura wa lagireto ba. Direbobin da ke jigila tsakanin Dawanau da Kwa da Tattarawa da cikin garin Dawakin Tofa sun ɗauki ɗurin ruwa kowace safiya a matsayin kula da mota, kamar duba baƙin mai da iskar taya. Niyyar mai kyau ce, amma aikin na cin inji a hankali. Abin da ya kamata ya zagaya cikin inji shi ne ruwan sanyaya inji, wanda bakanikai ke kira kulant, kuma iri ɗaya tak, ba duk wanda hannu ya kai kansa ba.

Hujjar da aka fi ji ita ce, Turawa sun yi kulant ne don kada ruwa ya daskare musu, mu kuwa ina muka ga ƙanƙara? Akwai gaskiya a ciki. Babban sinadarin kulant, wato etilin gilaikol, idan aka gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da hunturun Kano bai taɓa kusanta ba. Har ma zallan ruwa ya fi wannan haɗin saurin kwashe zafi. Game da tafasa kuma, murfin lagireto ne ke yin babban aikin: ruwa a Kano yana tafasa a wajen digiri 98, amma lafiyayyen murfi yakan danne shi ya kai kusan 120 bai tafasa ba, haɗin kulant kuwa ya kai kusan 129. Inji na aiki ne a tsakanin 90 da ɗari da 'yan kai. To da a ce maganar zafi da sanyi ce kawai, da mai ruwan rijiya bai yi babban laifi ba.

Inda hujjar ta gaza shi ne ta manta da ɗan abin da ke cikin galan ɗin kulant wanda bai kai kashi goma cikin ɗari ba, wato magungunan hana tsatsa. Hanyar da ruwa ke bi a cikin inji ta haɗa ƙarafa mabambanta: baƙin ƙarfe, da alminiyom, wani lokaci da tagulla. Idan ruwa mai gishiri-gishiri ya haɗa su, ga zafi, sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya, kuma alminiyom ne ke shan kashi. Ruwan rijiya da na burtsatse ga shi garau a ido, amma yana ɗauke da ma'adinan ƙasar da ya fito. Dubi gindin butar mai shayi da ta shekara a kan wuta, za ka ga farin ɓawo ya kama ta. Irinsa ne ke kama siraran hanyoyin lagireto, ya tsuke su, ya kuma hana zafi fita. Shi ya sa idan aka kwance tiyon motar da ta daɗe tana shan ruwan rijiya, sai ka ga jan ruwa mai laka yana zubowa, fukafukan famfon ruwa kuma sun zagwanye. Fiya wata ma ba tsira ba ne, don an tace shi ne domin cikin mutum, ma'adinansa na nan.

Wani dattijon direba zai ce ai Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 ta yi shekaru tana shan ruwan famfo, ba ta mutu ba. Haka ne, amma lagireton wancan zamani na tagulla ne, idan ya toshe a buɗe shi a tsire hanyoyinsa, a like da dalma, a mayar. Na Golf da Sharan da Corolla da Hiace da ke kan hanya yau galibi na alminiyom ne da kawunan roba, hanyoyinsa sirara, ba ya jure datti kuma ba ya gyaruwa yadda na da ke yi. Ita ma 504 ɗin ai ta sha wankin lagireto da canjin gasket, mantawa aka yi.

Sai batun gauraya, wanda ya fi rikita mutane, domin a Ƙofar Ruwa da sauran wuraren sayar da kayan mota da launi ake ciniki: a ba ni ja, a ba ni kore. Launin nan rini ne kawai da kamfani ya ga dama ya zuba, babu wata doka da ta ɗaure kowa a kansa. Ja biyu na iya zama abu daban-daban, ja da shuɗi kuma su zama dangi. Bambancin na ainihi yana cikin maganin tsatsar. Tsohon samfuri, wanda aka fi sani da kore, yana shafe ƙarfe da silikat da fosfat, yana aiki nan take amma yakan ƙare cikin shekara 2. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Dex-Cool mai ruwan lemo, wanda ke amfani da wasu sinadarai daban da kan kai shekara 5. Volkswagen na da nasa jerin, G11 da G12 da G13, kuma shi da kansa ya hana a haɗa G11 da G12 na asali, saboda haɗin kan yi dunƙule-dunƙule mai toshe hanya. Kamfanonin Japan sun fi son fosfat, suna gudun silikat. Na Turai kuma suna gudun fosfat saboda yakan yi ɓawo idan ya gamu da ruwa mai ma'adinai da yawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai Toyota abin da yake yi duk lokacin da ya ƙara ruwan rijiya a kan kulant ɗinsa. Toyota ta ce nata mai ruwan hoda, wanda ke zuwa a haɗe, zai iya kai kilomita 160,000 kafin canjin farko, amma da sharaɗin ba a surka shi da komai ba. Ba kowane gauraye ne ke yin laka ba. Sai dai ko bai yi ba, ƙarfin maganin ya ragu, kuma ba wanda ya san saura nawa.

Tsada fa? Galan ɗin kulant na kirki ba arha ba ne, ga jabu da bai wuce ruwa da rini ba. Wannan ƙorafi na da tushe, kuma maganinsa shi ne a saya a wurin da za a iya komawa a yi magana, a karanta jikin galan a ga ko ya ambaci irin motar, a kuma lura ko haɗaɗɗe ne ko kuwa mai kauri da sai an surka. Mai kaurin ba a zuba shi zalla, don a haka bai iya kwashe zafi ba. Rabi da rabi ake yi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbatar ba mai asid ɗin aka ba ka ba. Wanda ya ga kuɗin ya yi yawa, ya tambayi bakanike nawa ake sauke kan inji, a kai shi a goge, a sa sabon gasket, sannan ya lissafa kwanakin da motar za ta yi a gareji ana tsakiyar kakar amfanin gona.

Mota mai lafiya ma ba ta shan ruwa kullum. Hanyar ruwan a rufe take, abin da ya faɗaɗa ya gangara cikin ƙaramar gorar da ke gefe, idan inji ya huce ya koma. Motar da ke neman ƙari kowace safiya yoyo take yi, ko ta tiyo, ko ta murfin da robarsa ta mutu, ko ta famfon ruwa, ko kuma gasket ya fara ƙonewa, wanda alamarsa farin hayaƙi ne a salansa da baƙin mai da ya koma launin madara. Cire tamostat da ɗaure fanka ta yi ta juyawa, da wasu bakanikai ke yi, rufe ciwo ne kawai, kuma yana ƙara wa mota shan mai. Idan ruwa ya ƙare a hanya, tsakanin Marke da Ganduje misali, babu laifi a zuba ruwa mafi tsabta da aka samu don a isa gari, gara haka da a ƙona inji. Amma a jira ya huce tukuna, domin buɗe murfi da zafi na watso tafasasshen ruwa a fuska, sannan a zubar a wanke a sake sabo da an samu hali.

Wajen zubarwar kuma a kula. Etilin gilaikol na da zaƙi a baki, kuma guba ne mai kashe ƙoda. A gidajen Dawakin Tofa, inda ake ajiye mota kusa da turken awaki, yara na wasa a tsakar gida, kada a bar tsohon kulant a kwano ko a malale a ƙasa, kada kuma a juye saura a gorar lemo. A bar shi cikin galan ɗinsa, a rufe, a ajiye inda hannun yaro ba zai kai ba.