Tsaro a ƙwallon kwando: mu daina koya wa yara bangaza

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a fadodin samarin Tasawa da Mayahi, tun da salula ta kawo wa kowa guntayen bidiyon gasar NBA ta Amurka har bakin butar shayi. Wai ƙwallon kwando ta lalace. Wai 'yan wasan yau ba su san tsaro ba, maza su ne na da, waɗanda in ka doshi kwandonsu sai ka koma da kumburarren baki. Da a bakin shayi maganar ta tsaya da ban tanka ba, musu ai shi ne abincin fada. To amma ta bi yara har filin makaranta. Yaro ya tashi sama zai jefa, ɗan'uwansa ya sa masa kafaɗa a ƙugu, ya faɗo bisa siminti, manyan da ke gefe su ɗauki shewa: "Haka nan, namiji!" Wannan ne na gaji da gani.

Tsaro dai shi ne hana abokin karawa jefa ƙwallo a kwando. Iri biyu ne: ko kowa ya riƙe nasa mutum, ko kowa ya tsare yankinsa na fili. Sauran duk reshe ne.

Tun ranar da aka haifi wasan ba a yarda da duka ba. James Naismith, malamin motsa jiki da ya ƙirƙiro shi a garin Springfield a 1891, dokoki 13 ya rubuta, kuma a cikinsu ya haramta bangaza da riƙo da turi da taɗiya da duka. Wanda ya ce keta ita ce asalin wasa bai san asalin ba.

Na san hujjar da za a kawo mini, domin kullum ita ce: Detroit Pistons ta 1989 da 1990, ta koci Chuck Daly, da su Isiah Thomas, Joe Dumars, Bill Laimbeer da Dennis Rodman. Gaskiya ne sun ci kofi sau biyu a jere, gaskiya ne kuma sun wahalar da Michael Jordan, duk sanda ya shigo ƙarƙashin kwando sai ya ji a jikinsa. Abin da bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nunawa shi ne ragowar wasan: yadda Dumars ke tsayawa gaban Jordan da ƙafa, yana karkata shi zuwa inda taimako ke jiransa, da yadda Rodman ke kwashe duk ƙwallon da ta ƙi shiga. Mai haɗa bidiyo faɗuwa yake tsinta don ita ke jawo 'yan kallo. Yaronmu kuma ya kalli faɗuwar, ya ɗauka ita ce darasin.

Sannan ba a tambayar wace doka ce ta haifi wancan salo. Tun 1947 aka haramta tsaron yanki a gasar Amurka, haramcin bai tashi ba sai 2001. A zamanin su Laimbeer ba ka da ikon barin mutuminka ka yi rangwaɗa a tsakiya kana jiran mai shigowa. Ko ka manne wa naka, ko ka tafi gaba ɗaya ku yi wa mai ƙwallo taron dangi. Abin da aka sassauta maka shi ne hannu: kana iya ɗora shi a ƙugun mai ƙwallo kana jin inda zai nufa, kana rage masa gudu. Wanda aka hana wa dabarar fili aka bar masa hannu, da hannun zai yi aiki. Doka ce ta sa su haka, ba wata mazakuta da ta ƙare a duniya ba.

Hukumar gasar ma ba ta ji daɗin abin ba. A 1990 ta tsananta hukuncin muguwar keta. A wasan ƙarshe na 1994 tsakanin Houston Rockets da New York Knicks an buga wasa bakwai, babu ƙungiyar da ta kai maki 100 ko sau ɗaya, kuma a shekarar aka soma taƙaita ɗora hannu. A 2001 aka halatta tsaron yanki, amma da sharaɗi: mai tsaro ba zai wuce daƙiƙa 3 a cikin akwatin ƙarƙashin kwando ba in ba wani yake tsarewa ba. A 2004 aka ce wa alƙalai su busa duk hannun da ya tare mai ƙwallo a wajen akwati. Nan take gajeru masu sauri suka samu sarari, Steve Nash ya zama gwarzon gasar a 2005 da 2006.

Wannan ba sabon abu ba ne a wasan. Dogaye irin su George Mikan ne suka sa aka hana kaɓe ƙwallo tana gangarowa cikin kwando a 1944. Saboda shi aka faɗaɗa akwatin a 1951, saboda Wilt Chamberlain aka ƙara faɗaɗa shi a 1964. A Nuwamban 1950 Fort Wayne Pistons ta ci Minneapolis Lakers 19 da 18, don kawai ta riƙe ƙwallo ta ƙi jefawa, kuma irin wannan wasa mai sa gyangyaɗi ne ya jawo agogon daƙiƙa 24 a 1954. Duk lokacin da masu tsaro suka gano hanyar shaƙe wasa, sai a sake doka, su kuma su nemi wata hanyar.

Sai hujja ta biyu, ta lissafi. Ana cewa a kakar 2003 zuwa 2004 ƙungiya kan ci maki 93 a wasa, a kakar 2023 zuwa 2024 kuwa 114, saboda haka tsaro ya mutu. Alƙaluman daidai ne, fassarar ce gurguwa. Wasan yau ya fi sauri, kowace ƙungiya tana kai hari kusan sau 99 maimakon 90. Layin maki uku ya shigo NBA a 1979, kuma a shekarar farko ko jifa 3 ƙungiya ba ta yi daga bayansa a wasa guda. A 2004 ya kai kusan 15. Yau ya haura 35. Ma'anar wannan ga mai tsaro ita ce filin da zai tsare ya ninka. Dogon da a da yake kafewa ƙarƙashin kwando yana jira, yau dole ya fito mita bakwai ya tari ɗan ƙaramin da ya fi shi sauri, ba tare da ya taɓa shi ba, ya kuma juya da gudu ya tare kwando. Ku faɗa mini wanne ya fi wuya, wannan ko sa wa mutum gwiwar hannu a haƙarƙari? Draymond Green bai kai mita biyu ba, amma ya zama gwarzon mai tsaro a 2017 saboda yana iya tsare kowa a cikin 'yan wasa biyar na abokan karawa. Oklahoma City Thunder da ta ɗauki kofi a 2025 da ƙwace ƙwallo da toshe hanya ta ɗauke shi, su Lu Dort da Alex Caruso ba su bar kowa ya sha iska ba. Wanda ya kalli wasanninsu ya ce babu tsaro, to maki yake kallo a kusurwar allo.

In an matsa mini in zaɓi ƙungiya, Pistons ta 2004 zan ce, ta Larry Brown da Ben Wallace. Maki 84 kacal ake ci musu a wasa, a watan Maris na shekarar sun hana ƙungiyoyi biyar a jere kai wa maki 70, suka zo suka lallasa Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant 4 da 1. Amma ko su a yi musu adalci: sun faɗo ne a tsakanin dokoki biyu, an riga an ba su yanki, ba a riga an ƙwace musu hannu ba. Shi ya sa San Antonio Spurs ma a waccan kakar maki 84 ake ci mata. Zamanin ya taimaka. Bill Russell kuwa, mai kofi 11 cikin shekara 13 da Boston Celtics, ba a soma ƙirga kaɓe ƙwallo ba sai 1973, bayan ya yi ritaya, don haka musu a kansa ba zai taɓa ƙarewa ba.

A ɗaiɗaiku ba na jayayya: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Ya kaɓe ƙwallo sau 3,830, babu wanda aka rubuta wa fiye da haka a tarihin NBA, kuma tun 2022 kofin gwarzon mai tsaro sunansa yake ɗauke da shi. Ga shi a tsakiyar zamanin da ake kira na maza ya yi wasa, amma da me aka san shi? Da ƙafa da sanin lokacin tashi, abin da shi kansa yake dangantawa da tsaron gida da ya yi a ƙwallon ƙafa yana yaro. Mutumin nan da azumin Ramadan a bakinsa yake shiga fili. Me ya sa ba shi muke nuna wa yara ba?

Mu mutanen jihar Maraɗi bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba. Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokawa na farko a Tawa a 1975, wanda filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, ba da naushi ya kā da maza ba. Ɗan kokawar da ya dunƙule hannu ya kai duka, kowa ya san dabara ce ta ƙare masa, kuma alƙali ba zai bar shi ba.

Ga kuma abin da masu musun ke mantawa gaba ɗaya: a Nijar ba da dokar NBA ake wasa ba, da ta hukumar duniya FIBA ce. Wasa kashi huɗu ne na minti goma-goma. Laifi biyar ka fita, ba shida ba. Bayan laifi na huɗu na ƙungiya a kashi guda, duk wanda ya biyo baya jifan kyauta biyu ne. Ketar ganganci jifa biyu ce, a kuma mayar wa waɗanda aka yi wa ƙwallo, in ka maimaita an kore ka. Tsaron yanki halal ne, babu dokar daƙiƙa 3 a kan mai tsaro, layin maki uku yana mita 6.75 tun 2010. Yaron da ya saba da bangaza a Tasawa, ranar da ya je gasa a Maraɗi ko Yamai gaban alƙali na gaske, kafin a tafi hutun rabin lokaci yana benci.

Tabbas rashin fili mai kyau da takalmi da alƙalai yana da nasa kason. Amma shewar manya ba kuɗi ake kashewa a daina ta ba.

Malaman motsa jiki da yayyen da ke tara yara da yamma, ga abin da nake roƙo. A fara da tsayuwa kafin a fara da jifa. Ƙafafu a buɗe fiye da faɗin kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe, nauyi a gaban tafin ƙafa, ido a kan cikin mai ƙwallo, domin kai da hannu suna ruɗi, ciki ba ya yi. A koya musu zamewa gefe ba tare da ƙafa ta haye ƙafa ba. Akwai atisaye mai sauƙi: mai tsaro ya riƙe hannayensa a baya, ko ya riƙe tsumma da hannu biyu, ya tare mai ƙwallo daga wannan layi zuwa wancan. Minti goma kullum ya isa, cikin wata guda za ku ga bambanci. Doka tana tare da wanda ya riga isa wuri, ƙafa biyu a ƙasa, yana fuskantar mai zuwa. In an buge shi a ƙirji a haka, laifin na mai ƙwallo ne. Yara da yawa ba su san suna da wannan haƙƙin ba, shi ya sa suke kai hannu.

In za a tari mai jifa, hannu sama tsaye, a tashi a sauka inda aka tashi. Kada a zabga hannu daga sama zuwa ƙasa. Kada kuma, don Allah, a sa ƙafa ƙarƙashin wanda ke sama. A Mayun 2017 Kawhi Leonard ya sauko a kan ƙafar Zaza Pachulia, idon sawunsa ya tafi, bai sake buga wasa a kakar ba, kuma daga nan NBA ta soma ɗaukar hakan a matsayin muguwar keta. Shi yana da likitocin ƙungiya, ya warke, Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya ya ɗauke shi zuwa Toronto suka ci kofi a 2019. Ɗan talakan Kanambakashe ko Urafan in ƙashinsa ya goce, wa zai ɗauke shi zuwa ina? Uba ne zai sayar da buhun hatsi.

A sa su magana. Mai tsaron da ke baya shi ke ganin fili, shi zai ce "hagu", "na riƙe", "canza". Ƙungiyar da ta yi shiru tana tsaro, kowa wasansa yake shi kaɗai. Wanda mutuminsa ba ya riƙe da ƙwallo ya tsaya inda zai ga mutumin ya ga ƙwallon lokaci guda. In an jefa, kada a tsaya kallon sama: kowa ya juya ya sa wa nasa baya, sannan ya nemi ƙwallo.

Ko wasan unguwa ne a samu mai busa, ko da usur ɗin 'yan dala ne, a riƙa ƙirga laifi da gawayi a jikin bango. Wanda ya cika biyar ya zauna, ko ɗan wa ne. A share yashin da iska ke zubawa bisa siminti kafin a soma, shi ke kwashe ƙafa. A yanke farce, a cire zobe, kada a bar mai silifa ya shiga. A watannin Afrilu da Mayu a jira la'asar sakaliya, ruwa kuma ya kasance a gefe.

In targaɗe ya faru, a fitar da yaro, a sa ƙanƙara cikin tsumma kamar minti ashirin, a ɗaure ba da ƙarfi ba, a ɗaga ƙafar sama. Kada a murza, kada a ja. In ya kasa taka ƙafar, ko gaɓar ta karkace, a kai shi likita a duba kafin a nemi maɗori. Wanda kansa ya bugi ƙasa kuwa ya gama wasa a ranar ko ya rantse lafiyarsa lau, in kuma amai ko jiri ko yawan barci ya biyo baya, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya.