Gyaran Karce a Wilin Alminiyam na Manyan Motoci

Tun daga shekarar 1948, lokacin da kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da wilin alminiyam don manyan motoci, masu tireloli da tankoki suke ta karkata gare shi, saboda alminiyam nauyinsa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, kuma duk kilon da aka rage a ƙafar mota kaya ne ake samun damar ƙarawa. Wili, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, idan na alminiyam ne ba ya yin jar tsatsa, amma yana da taushi, ta yadda gogar gefen titi ko tsakuwa ko ƙarfen mai faci kan bar masa karce.

Abin da ya wajaba kafin a taɓa komai shi ne a tabbatar karce ne ba tsaga ba, domin karce muni kawai yake jawowa, tsaga kuwa tana iya raba wilin gida biyu mota na tafe da kaya. Akan wanke wilin da ruwa da sabulu, a shanya shi, sannan a duba shi cikin haske, musamman kewayen ramukan noti da manyan ramukan da iska ke bi ta sanyaya birki, inda tsaga ta fi farawa. Layin da ya taso daga bakin rami, ko ya ɓulla ta bayan wilin, tsaga ce, kuma wilin ya gama aiki.

Bayan haka sai a san irin fuskar wilin. Wani zallan alminiyam ne da aka goge, wani an shafe shi da fenti marar launi, wani kuma, kamar Dura-Bright na Alcoa, an sarrafa fuskarsa tun a masana'anta ta yadda ruwa da sabulu sun ishe shi, kuma samfefa ɓata shi take yi. Gwajin mai sauƙi ne: idan aka goga man goge ƙarfe a wani lungu tsumma ya yi baƙi, zallan alminiyam ne, kuma shi ne ya dace da aikin da za a bayyana.

Gyaran karce ba cike rami ba ne, rage ƙarfen da ke kewaye da shi ne har ya yi daidai da gindin karcen, don haka mai aikin yana cin jikin wilin ne a duk shafa ɗaya, kuma ya kamata ya riƙa tuna wannan. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki akan fara shi da 320 ko 400, a hau zuwa 600 da 800 da 1000, a ƙare da 1500 ko 2000, ana yayyafa ruwa don kada garin ƙarfe ya toshe samfefar, ana kuma sauya fuskar gugar a kowane mataki domin a ga ko sawun matakin baya ya ɓace. Tsallake lamba shi ne kuskuren masu gaggawa, domin sawun da 400 ta bari 1500 ba ta iya share shi, kuma sai an gama sheƙi yake fitowa fili. Haka nan ba a tsayawa a kan karcen kaɗai, sai a faɗaɗa gugar a ɓatar da ita a hankali, in ba haka ba wurin ya zama kwarmi. Daga nan sai a bi da faifan ƙyalle a kan inji da sabulun goge ƙarfe, mai ruwan ƙasa da farko, mai laushi daga baya. Burushin waya na baƙin ƙarfe ba shi da wuri a wannan aiki, saboda ɓurɓushinsa yana nutsewa cikin alminiyam ya haddasa zaizaya, kuma fuskar da wilin ke zama a jikin mota da mazaunin noti da bakin da taya ke kamawa ba a rage musu kauri don neman kyau.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne walda, wadda a garejinmu ake ɗaukar ta maganin kowane ƙarfe. Ƙarfin wilin ya samu ne daga gashi da sanyayawa da aka auna a masana'anta, kuma Alcoa ta yi umarnin a cire duk wilin da zafinsa ya haura digiri 204 a ma'aunin Salsiyos, alhali walda sai ta narkar da ƙarfen, wanda ke narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai aiki ba. Dokar hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta hana yi wa wilin da ya tsage ko ya lanƙwashe walda ko gashi. Idan kuma tayar tana ɗaure aka kusanto da wuta, zafin kan sa robar ta fara ruɓewa daga ciki, iskar ta hauhawa, tayar ta fashe a kan wanda ke tsugune gabanta, wani lokaci bayan an daɗe da kashe wutar.