Baƙin cikin da ya ɓuya a maƙogwarona

Shekara biyu cur na yi ina tuhumar imanina. Ni malamar makaranta ce, kuma a da ban san zaman banza ba. Sai ga shi tashi sallar asuba ya zame mini tamkar ɗaga dutse. Nakan tsaya gaban allo in manta abin da na zo koyarwa. Idan na koma gida, sai in rufe ɗaki in yi ta kuka ba tare da wani ya ɓata mini ba. A tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da jama'a ke kwana a tsakar gida, ni da bargo nake lulluɓa. Fatata ta bushe, gashina na zuba, na kuma yi ƙiba alhali ba na cin abincin kirki.

Kowa da fassararsa. Gwaggona ta ce sammu ne. Wata maƙwabciya ta ce iska ce. Maigidana kuwa, da kyakkyawar niyya, yakan ce: "Ki ƙara tawakkali mana, me kika rasa?" Tambayar nan ta fi komai yi mini ciwo, domin ba ni da amsarta.

Ranar da na je asibiti, maganin ciwon kai kawai na je nema. Likitar ta saurare ni da kyau, sannan ta ce: "Malama, kina jin sanyi fiye da sauran mutanen gidanku?" Ta shafa wuyana, ta rubuta mini gwajin jini mai suna TSH. Sakamakon ya nuna cewa tayirod ɗina ya yi rauni.

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo, sau da yawa saboda ƙarancin sinadarin ayodin a abinci. Aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, narkar da abinci, ɗumin jiki, har da tunani. Idan ta gaza, komai sai ya yi sanyi, har walwala. Wani lokaci garkuwar jiki ce da kanta ke far mata, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Ta fi kama mata fiye da maza.

Aka ɗora ni a kan ƙwayar levothyroxine, guda ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo. Bayan kimanin mako shida aka sake gwaji, aka gyara adadin. Ban warke dare ɗaya ba, amma watanni kaɗan bayan haka na ji kaina ina dariya a ɗakin malamai, har na tsaya ina mamakin muryata.

Ba tayirod kaɗai ke sanya rigar damuwa ba. Ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12 da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya zuwa tare da ita. Ba na cewa kowane ciwon damuwa daga jiki yake tasowa. Akwai wanda sai likitan ƙwaƙwalwa, kuma babu abin kunya a zuwa wurinsa. Addu'a ma ban taɓa barinta ba, kuma ba ta hana neman magani.

Roƙona ga masu karatu ɗaya ne. Idan 'yar'uwa ko matar gida ta yi makonni tana ƙunci, ga kasala, ga mantuwa, ga sauyi a jikinta, kada a yi gaggawar yi mata wa'azi ko zargin kishiya. A raka ta asibiti, ta faɗi duk abin da take ji, na jiki da na zuci, a kuma auna jininta. Ni shekara biyu na ɓata kafin wani ya tambaye ni ko ina jin sanyi.