Hanyar Gano Musabbabin Yawan Katsewar Intanet ta Gida a Yankin Bagauda

1.0 Gabatarwa

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan batu gaban mahalarta shi ne, a yau malami ba ya iya aika maƙala, ko shigar da sakamakon ɗalibai, ko biyan kuɗi ta Remita, sai ta intanet. Da yawa daga cikinmu mazauna yankin Bagauda, watau ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mun sayi 'yar na'urar nan da a ke kira rauta, mun ajiye a ɗaki, muna zuba mata data wata-wata. In sabis ya ɗauke ɗungurungum, wannan ba ya bukatar nazari. Abin da ya fi ci wa mutum tuwo a ƙwarya shi ne shafi ya buɗe yanzu, an jima kaɗan ya ƙi, a sake dannawa ya buɗe, alhali fitilun rauta duk suna kunne. Mutum yana tsakiyar biyan kuɗin makarantar ɗansa, banki ya cire, shafin da zai fitar da rasit ya tsaya cik.

Jama'a sun dunƙule duk wannan cikin kalma biyu, watau "ba netwok". A ganinmu wannan hukunci ya yi faɗi da yawa, domin ya kan sa mutum ya sayi sabon layi ko sabuwar rauta a kan laifin da ba nasu ba.

2.0 Hanyar da Saƙo ya ke Bi

A wannan yanki, abin da mu ke kira intanet ta gida galibi ba waya ce aka jawo har ɗaki ba. Layin waya ne, na MTN ko Airtel ko Glo, a ke sakawa cikin rauta, ita kuma ta kamo 4G daga turken sabis, ta rarraba wa mutanen gida ta wai-fai. Starlink ya shigo Nijeriya a 2023, amma tsadarsa ta sa bai zama na kowa ba. Daga turke, saƙo ya kan bi wayar faiba da aka binne, ko kuwa ya tsallaka ta iska daga wannan turke zuwa wancan, har ya isa cibiyar kamfani. In shafin a ƙasar waje ya ke, sai ya bi wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na 2022. Ran 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin wayoyin teku na Afirka ta Yamma suka yanke a daura da gaɓar Kodebuwa. A ranar, mutumin Riruwai da ya yi ta ɗaga rautarsa sama a bakin taga ya sha wahalar banza ne kawai.

A nan ya kamata mu lura da abu biyu. Shafi ba ya zuwa a dunƙule. Yayyanka shi a ke yi ƙunshi-ƙunshi, kuma shafi guda ya kan ɗebo kayansa daga kwamfutoci masu yawa a wurare dabam-dabam. Sa'an nan kafin a fara komai, sai an tambayi wani kundi da a ke kira DNS ya juya sunan shafin zuwa lamba, kamar yadda mutum ya kan duba sunan abokinsa a waya don ya sami lambarsa. Saboda haka ɓatan ƙunshi kaɗan, ko jinkirin amsa daga DNS, ya isa ya tsayar da shafi. Wannan ne dalilin da ya sa saƙon WhatsApp ya kan wuce a daidai lokacin da burauza ta kasa: saƙon gajere ne, kuma manhajar ta kan yi ta sake turawa a ɓoye har ya tafi.

3.0 Gwaji Uku a Lokaci Guda

Ciwon da ya ke zuwa ya tafi, ba a gane shi sai a lokacin da ya motsa. Don haka gwajin sauri da a ke yi sau ɗaya, a ga lamba mai daɗi, ba ya tabbatar da kome. Abin da muka fi amincewa da shi shi ne umurnin nan da a ke kira ping, wanda ya ke aika ɗan ƙaramin ƙunshi ya jira amsa. A kwamfuta mai Windows, sai a buɗe tagar umurni guda uku. A ta farko a rubuta ping -t da lambar rauta, wadda a ke samu a takardar da ke manne a jikinta, alal misali 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. A ta biyu a sa 8.8.8.8, lambar Google ke nan. A ta uku a sa suna, kamar google.com. Sai a bar su suna gudu, a ci gaba da aiki, har shafi ya ƙi.

In ta farko ma ta daina amsawa, to, laifin yana cikin gida, tsakanin kwamfuta da rauta, kamfani ba ruwansa. In ta farko tana amsawa, ta biyu ta yi shiru, matsalar tana daga rauta zuwa waje. In kuwa lambobin nan biyu suna amsawa, amma da aka tsayar da ta uku aka sake tayar da ita sai ta ce ba ta san sunan ba, to, DNS ne ya gaza, maganinsa kuwa kyauta ne: a shiga saitin rauta ko na kwamfuta a sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Akwai wani nau'i na dabam, inda duk gwajin nan uku su ke lafiya amma wasu shafuka ƙalilan kullum su ke maƙalewa. Sau da yawa girman ƙunshi ne ya wuce abin da hanya ta ke ɗauka. Iyakar da aka saba ita ce 1500. Rage ta zuwa 1400 a saitin MTU na rauta ya kan warware shi.

4.0 Shaidar Lokaci

Ko da ya ke ping ya kan nuna wajen da cutar ta ke, agogo ne ya kan faɗi sunanta. Shawararmu ita ce a ware shafi guda a littafin rubutu, duk sa'ad da abin ya faru a rubuta rana da sa'a da yanayin gari, har mako guda.

Mu kanmu ta haka muka gano namu. Wata bazara, kullum daga azahar zuwa la'asar sai shafuka su yi ta ƙi, muka ɗora laifi kan kamfani, har muka sayi layin wani kamfanin, abin bai sake zani ba. Da muka dubi rubutunmu, sai muka ga ba ya faruwa da asuba ko da dare. Ashe rautar tana bisa kabad ne dab da rufin kwano. Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi su kan iyakance zafin aikinsu a digiri 40, a ƙasar Kano kuwa zafin watan Afrilu ya kan kai haka ko a inuwa. Muka sauko da ita bakin taga, shi ke nan. Kuɗin layin nan na biyu dai ba su dawo ba.

Katsewar da ta ke zuwa bayan isha'i labarinta dabam ne. A lokacin kowa ya koma gida ya kama waya, turke ɗaya kuwa rabon abin da ya ke da shi ya ke yi tsakanin duk masu amfani da shi. Haka abin ya kan kasance ranar kasuwa a garuruwan bakin hanya irin su Kwanar Dangora, ko a kusa da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda lokacin da ɗalibai su ke nan. Sabuwar rauta ba ta maganin cunkoso. Sai dai a mai da aiki mai muhimmanci zuwa bayan asuba. In katsewar ta kan dace da ɗaukewar wuta ko komawa kan janareto, to, rauta ce ta ke mutuwa ta sake tashi, kuma ƙaramin batirin ajiya ya isa. In da ruwan sama mai ƙarfi ta ke zuwa, hanyar iska da ke tsakanin turaku ce ta raunana. Kada kuma a manta da na cikin gida: waya ɗaya da ta ke loda bidiyo a ɓoye ta kan toshe wa kowa hanya.

Game da sandunan sabis da a ke gani a jikin rauta, kada a ba su amana ƙwarai, domin ƙarfi kawai su ke nunawa, ba sa nuna tsabta. A shafin saitin rauta a kan sami lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP da ya kai -90 ko ya fi kusa da sifiri yana da kyau, -110 kuwa ya yi rauni. SINR shi ne ma'aunin tsabta, in ya faɗi kusa da sifiri ƙunshi zai yi ta ɓata ko da sanduna sun cika. Wannan ya fi shafar mutanen Doguwa, inda duwatsun Riruwai da dajin Falgore su ke tare hanya, da kuma gidajen da suka faɗo tsakanin turke biyu, inda rauta ta ke ta tsalle daga wannan zuwa wancan, ko daga 4G zuwa 3G. Kowane tsalle ya kan iya yanke abin da a ke cikin yi. A nan sai a kulle ta a kan 4G kaɗai, a kuma zagaya da ita taga-taga ana duban lambobin nan har a sami inda suka fi kyau.

Wanda gwajinsa ya nuna cewa matsalar tana waje, kuma ba ta bin zafi ko wuta ko cunkoso, shi ne ya ke da ƙara. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta daidaita lambar kiran sashen kula da abokan ciniki ta zama 300 a kowane layi. A kira, a karanto musu rana da sa'a da lambobin RSRP da SINR daga littafin nan, a kuma karɓi lambar shaidar ƙorafi. In kwanaki sun wuce ba a gyara ba, sai a kira 622, layin NCC na kyauta, a ba su wannan lambar.